Baba Anya da Kamfanin Kwali

Mai famfon garin nan mutum ne da in ka ce masa yau Talata ce, sai ya dube ka sheƙeƙe ya ce, "Anya kuwa?" Tun yana saurayi haka yake, har sunan ya bi shi, yanzu jikokinsa ma Baba Anya suke ce masa. Matarsa takan ce ranar da ta fara gaya masa tana son sa, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya aiko ta.

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana riƙe da gidan ruwa. Ɗaki ne guda na bulo a gangaren gari, da taga ɗaya da aka toshe da waya. A ciki akwai injin da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse ya tura shi babban tanki a kan tudu, da benci mai ƙafa uku wanda bulo ya tsaya masa a ta huɗu, da makullan bututu biyar a jere, kowace unguwa da nata. Akwai wani agogo a bango da aka ce yana nuna zurfin ruwa. Baba Anya bai taɓa yarda da shi ba, ya ce abin da aka kawo a kwali ba zai san rijiya ya fi shi ba. Kullum da safe kafin ya ta da inji, sai ya zura igiya mai ƙarfe a baki cikin siririn bututun awo, ya kara kunne har ya ji ƙarfen ya taɓa ruwa, sannan ya jawo yana aunawa gaba-gaba, wato tsawon hannuwansa biyu a buɗe. Shekarar da ya kama aiki, gaba goma sha ɗaya ake samun ruwa ko da tsakiyar rani ne. Yanzu sai an ci goma sha tara, kuma bakin bututun injin yana ashirin da huɗu. Ruwan yana gudu ƙasa, a hankali, kuma duk garin shi kaɗai ya san haka.

To, gari ne da ya ɗora wa kansa neman kamfani kamar mai neman magani. Matasa sun watse, shaguna rabi a rufe, layin tasha kullum masu tafiya sun fi masu dawowa. Sai aka kafa kwamiti, aka ba wani tsohon shugaban makaranta jagoranci, kowa na ce masa Ciyaman. Aka share wani fili a bayan gari, aka kafa allo mai girman ƙofar gareji aka rubuta Unguwar Masana'antu. Masu kamfanin takalma suka zo suka dasa bulo ɗaya na harsashi aka yi tafi, har yau bulon yana nan, awaki na soshe-soshe a jikinsa. Masu sabulu kuma suka kwana biyu, suka ci suka sha, suka ce sai sun yi shawara. Duk wanda ya zo, Baba Anya zai tsaya a bayan taro ya harɗe hannu ya ce, "Ku dubi takalminsa. Mai gina kamfani ba ya sa irin wannan takalmin." Abin haushin, duk lokacin da ya faɗa sai ta tabbata. Mutane suka tsani bakinsa, amma in magana ta yi magana, shi ake zuwa a tambaya a ɓoye.

'Ya'yansa huɗu, uku sun tafi. Saura autan, wanda ya koyi aikin lantarki, yana zaune da matarsa da 'ya'ya biyu a ɗakunan baya. Wata safiya Baba Anya ya fito ya tarar da akwatin ƙarfe a tsakar gida, surukarsa na goge shi da tsumma.

"Wannan fa?"

"Baba, iska kawai nake sha masa," in ji ta, ba ta ɗago kai ba.

"Akwati yake shan iska? Anya kuwa?"

Autan ne ya fito ya faɗi gaskiya. Ya ce wata uku rabon da wani ya kira shi ko gyaran kwan fitila. Ya ce an ce masu kamfanin kwali za su zo duba gari, ya kai sunansa wurin kwamiti. In sun zauna, ya zauna. In sun wuce kamar na baya, shi ma zai bi yayyensa da iyalinsa gaba ɗaya. Matar Baba Anya tana bakin murhu, ta ce, "Maigida, ni dai roƙona ɗaya. Wannan karon ka bar bakinka a gida." Ya ce shi me ya ce? Ta ce ai ba ka ce ba tukuna, shi ya sa nake roƙo.

Ya tafi aiki ransa a jagule. Kamfanin kwali! Shi ya san kwali ba da iska ake yin sa ba, jiƙa shi ake yi a dama a matse, ruwa yake sha kamar ba gobe.

Ana saura mako guda baƙi su zo, sai ga Ciyaman da kansa a gidan ruwa, yana ta washe baki, har da tambayar lafiyar gwiwa. Baba Anya ya ce a ransa, yau kuma da wace aka zo? Mutumin da shekara biyar bai taɓa tako gangaren nan ba.

"Yaya, so muke ka kashe inji kwana shida," in ji Ciyaman. "Za mu sanar cewa gyara ake."

"Me ya lalace?"

"Babu. Rijiya ce za ta huta ta taru. Ranar da suka zo mu buɗe ko'ina."

"Wato kwalliya za a yi wa rijiya."

"Haba Yaya! Kai in baƙo zai zo gidanka ba ka shara? Shara ce kawai."

"Mutane kuma su sha me?"

"Sun yi haƙurin shekara goma, kwana shida ne zai gagare su?"

Baba Anya ya buɗe baki, sai akwatin nan ya faɗo masa a rai, ya rufe. Ya kashe inji. Kwana shida mata na tafiya rafi mai nisa da jarkoki, suna wucewa ta ƙofar gidan ruwa suna yi masa sannu da gyara, shi kuwa yana zaune da sifana a hannu yana kwance ƙusar da ya ɗaura jiya. Kunya kamar ta kashe shi.

Ranar da baƙin suka zo, kai jama'a, garin ya zama abin kallo. An buɗe makullai biyar a lokaci guda, abin da ba a taɓa yi ba. Tanki ya cika yana ambaliya ta baki. Famfunan kan titi duk an sake su suna zuba, an wanke kwalta, an jiƙa filin masana'antu har ƙafa na nutsewa. Wani ɗan kwamiti mai rawar kai ya sa aka jera motoci uku ana wanke su a bakin hanya, motocin da biyu daga ciki ko inji babu. Baba Anya na jin ƙarar injinsa yana aiki ba ji ba gani, zuciyarsa na ƙuna.

Da hantsi suka iso gidan ruwa. Manyan suka tsaya a waje suna gyaɗa kai, sai wata mace ta shigo, injiniyar kamfanin, da takalmin roba duk taɓo. Baba Anya ya dubi takalmin. Waɗannan da gaske suke.

Ta gaishe shi da ladabi, ta duba inji, ta zura nata abin awon ta rubuta. Sannan ta zauna a bencin, ta kusa kifewa, ta yi dariya ta gyara bulon da kanta.

"Baba, na'urata za ta gaya mini ruwan yau," ta ce. "Na shekara ashirin kuwa sai kai. In rani ya tsananta, yana raguwa?"

Kafin ya amsa Ciyaman ya leƙo ta ƙofa. "Injiniya, kin zo wurin da ya dace. Wannan bawan Allah bai taɓa yarda da ni ba ko sau ɗaya. Duk garin nan babu mai ƙaryata kwamiti kamarsa. In ya ce miki akwai, to akwai."

A nan Baba Anya ya gane. Ashe shi ma cikin kayan kwalliyar yake! An wanke titi, an jera motoci, shi kuma an ajiye shi a matsayin tsohon da ba ya ƙarya. Ransa ya ɓaci. Ya yi niyyar ya zazzage musu komai, goma sha tara, ashirin da huɗu, kwana shida na gyaran ƙarya. Ya ɗaga kai, sai ya hango autansa ta wayar taga, a cikin layin masu neman aiki, ya sa farar rigar da ya goge tun jiya, ya rungume takardunsa a ƙirji.

"Baba?" in ji injiniyar.

"'Yata," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba, "tun da nake nan ban ga ya ragu ba."

Ta dube shi jim kaɗan. Ya so ta ce anya kuwa. Wallahi ya so. Da ta faɗa, da ya samu hanyar warwarewa. Amma yarinyar kirki ce, an yi mata tarbiyyar ganin girman furfura. Ta rubuta, ta ce ta gode, ta fita.

Wata tara aka yi ana gini. Kamfani ya tashi, da dogon bututu daga tankin gari har cikin harabarsa, aka ƙara makulli na shida a gidan ruwa, ya fi sauran kauri. Autan ya samu aiki, aka mayar da akwati ƙarƙashin gado. Shaguna suka buɗe, har wani ya kafa wurin gyaran babur a tasha. Matar Baba Anya ta yi ƙiba. Ciyaman in ya gan shi sai ya ɗaga masa hannu biyu daga cikin mota, shi kuwa ya kau da kai. Ya rage magana, ko an kawo masa labarin da bai kamata a yarda da shi ba sai ya ce to. Matarsa ta ce tsufa ne ya fara gyara shi.

Ranin farko aka sha da ƙyar. A na biyu inji ya fara shaƙar iska, yana tari kamar mai mura, sai an kashe shi an jira. Takarda ta zo daga kwamiti cewa a fara ba kamfani, domin an sa hannu da su a kan haka, in an samu saura a raba wa unguwanni bi da bi. Da ƙyar ake samun sauran. Unguwar kan tudu ce ta fara bushewa, da yake ita ce ƙarshen bututu, aka yi kwana goma sha ɗaya famfonsu ko ɗigo.

A kan tudun akwai wata tsohuwa mai ɗinki, ƙawar marigayiya babbar yayarsa, tun yana yaro Gwaggo yake ce wa tsohuwar. Ita kaɗai take zaune. Wata ranar da rana ta take, ya ga ta gangaro gidan ruwa da bokiti ƙarami, tana tafiya tana hutawa, ƙafafunta sun kumbura. Ya tashi da sauri ya karɓi bokitin, ya zaunar da ita, ya tara mata daga ɗan abin da ke ɗiga a gindin inji. Ya jira ta zage shi. Ya ma ƙagu ta zage shi.

Ta sha, ta goge baki da gefen mayafi, ta dube shi da tausayi.

"Sannu, ɗan nan. Kai ma suna wahalar da kai."

"Gwaggo, aikina ne."

"Jiya a layin rafi ana ta zagin kwamiti, wata ta sako sunanka. Na ce ahir ɗinki! Na ce wannan da kuke gani, ko uwarsa ce ta ce ruwa zai isa sai ya ce anya. Na san ka gaya musu. Duk mun san ka gaya musu, kunnen ƙashi suka yi maka."

Baba Anya ya ji kamar an ɗora masa tankin nan a ƙirji. Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

"Gwaggo," ya ce, "ban gaya musu ba."

"Na'am?" Ta karkato kunne, don jin nata ya yi rauni, injin kuma na ta tari.

Ya matso, ya durƙusa a gabanta, ya ɗaga murya. "Na ce an tambaye ni. Ni na ce ruwa bai ragu ba. Ni na faɗa da bakina."

Ta ƙura masa ido. Can sai ta yi 'yar dariya, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe.

"Kai dai akwai rufa wa mutane asiri. Har yanzu Ciyaman kake karewa? Allah ya yi maka albarka. Ɗauko min bokitin."

Ya ɗauka ya raka ta har kan tudu, yana gaba tana baya, duk wanda suka gamu da shi sai ya gaishe shi da girmamawa. Da ya dawo ƙarfe biyu ta yi, lokacin kamfani. Ya rufe makullai biyar ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gemunsa, ya kama na shida da hannu biyu ya buɗe.