Masu Silifa Su Koma Aji

Shekara goma sha tara Malama ta yi tana koyar da aji uku, kuma kowa ya san ba ta da faɗa. Makon farko na sabon zango ta zana wa yaranta jirgin ƙasa a allo, suka ƙirga taragai tare, domin ranar Alhamis za a kai su tasha.

Ranar tafiya hedimasta ya tsaya bakin bas yana duban ƙafafu.

"Masu silifa su koma aji," in ji shi. "Hoto za a ɗauka."

Yara tara suka ja baya, kai a ƙasa. Ran Malama ya ɓaci.

"Ranka ya daɗe, da takalmi ake kallon jirgi? Waɗannan su suka share maka ofis yau da safe!"

Ya ce wa direba ya ja. Malama ta ƙi shiga. Ta jera taran, suka taka da ƙafa har inda titi ya tsallaka layin dogo, suka ga jirgi ya wuce suna ihu.

Washegari aka miƙa mata takardar gargaɗi. Ta karanta a tsaye, ta ƙi sa hannu.