Ranar da Iya Moromoke Ta Zauna a Kan Hannunta

Duk Abeokuta ba mai hannu irin na Iya Moromoke. Shekara talatin tana rinin adire, yadin Yarbawa, a bayan kasuwar Itoku, shuni ya kama ta tun daga farce har gwiwar hannu, ba sabulun da zai fitar da shi. Ko daga ƙarshen zaure ta ɗaga hannu sai ka gan shi.

Ta dalilin 'yarta na san ta. Ni ke koyar da gogen Turawa a makarantar kiɗa ta unguwarmu, kuma ban taɓa samun ɗaliba mai kunne irin na Moromoke ba. Tana da shekara goma sha uku aka sa ta a wasan ƙarshen zango, ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Kiɗan kashi uku ne, tsakanin kashi da kashi akwai ɗan shiru, kuma ba a tafi sai an gama duka. Ba wanda ya gaya wa uwar. Yarinya na kai ƙarshen kashi na farko, Iya ta miƙe da ƙaton ɗaurin kallabinta ta hau tafi, har da kirari.

Shugaban makarantar, Baba Odunlami, shi ke raka yarinyar da fiyano. Shekara biyu ya yi a Landan, ya shekara arba'in yana ba mu labarinsu. Ya juyo a kan kujerarsa, ya bari sai da tafin ya mutu don kansa.

"Nan ba Itoku ba ce," ya ce. "Wadda ba ta san inda ake tafi ba, ta zauna a kan hannunta."

Zaure ya kwashe da dariya. Moromoke ta ƙarasa kiɗan, ta mayar da goge cikin akwatinsa, kuma ba ta sake buɗe shi ba. Yanzu aikin jinya take a Ibadan, ko a rediyo aka sa irin kiɗan sai ta canza tasha. Ina tsaye a wurin ban ce uffan ba, abin da har yau nake jin kunyarsa ke nan.

Na ɗauka mun rabu da Iya. Asabar na zagayowa sai ga ta a bencin baya, lokacin gwaji. Ba ta san karatun takardar kiɗa ba, ba ta kuma nemi a koya mata ba. Zama kawai take tana saurare, leɓenta na motsi kamar mai ƙirga yadi. Shekara goma sha ɗaya ba ta fasa gwaji ba, ba ta fasa wasa ba, har ya zama ba kiɗan da ake yi a zauren nan da ba ta san ƙarshensa ba.

Mutanenmu kuwa tun daga waccan Lahadi tsoron tafi ya kama su, ba mai son ya zama abin dariya na biyu. Da suka lura Iya ba ta kuskure, sai kowa ya koma kallon hannunta. In shuɗin hannun nan ya ɗaga, zaure ya ɗauki tafi. Lauyoyi, likitoci, har matar Baba Odunlami, duk ita suke leƙe ta wutsiyar ido. Shi kansa ya taɓa nuna ta ga baƙi yana cewa ga irin masu sauraron da ya horar. Ya manta sarai ita ce ya ci wa fuska. Ta durƙusa ta gode, amma na ga yadda ta cije baki.

Da ya cika saba'in aka shirya masa wasan ban kwana, shi kaɗai da fiyano. Zaure ya cika har tagogi. Gaskiya ya yi kiɗa, ban taɓa jin ya yi irinsa ba. Kiɗan ƙarshen a hankali yake ƙarewa, sauti na raguwa har ya ɓace. Ya ɗaga yatsunsa, ya lumshe ido, yana jira.

Mutum ɗari biyu suka juya wajen Iya. Ta ɗan ɗaga jiki, ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashinta, ta zauna a kai.

Ba wanda ya motsa. Mu malamai huɗu mun san an gama, amma kowannenmu akwai tabon bakin Odunlami a jikinsa. Na rungume hannuna, kuma daɗi na ji har cikin raina. Ba ka jin komai sai fankar sama. Ya buɗe ido, ya miƙe, ya rusuna wa mutanen da ke kallon wani wuri, ya rufe fiyano. Sai a lokacin wasu suka fara ɗan tafi a tsorace, suka ga Iya ba ta taya ba, suka bari.

A bakin ƙofa ya tare ta.

"Iya, na yi kuskure ne a wani wuri?"

"Ko ɗaya, Baba. Kai ka ce in zauna a kan hannuna."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar da Moromoke ta daina kiɗa."

Ya laluba a ransa, sannan ya tambaya wace ce Moromoke.

Iya ta gyara mayafinta a kafaɗa. "Je ka gida ka tuna, Baba. Ai yanzu kana da lokaci."