Ɗalhatu da Kaset ɗin Inna Uwaliya

Matso nan ka samu wuri, in ba ka labarin Ɗalhatu mai gyaran rediyo na Gwarzo. Yana ɗan shekara sha biyu ya warware rediyon babansa, ya sha bulala, washegari ya haɗa ta ta yi magana. Ya koyi aikin lantarki a Kano, aka so riƙe shi can, ya ce shi dai gida. Da kasuwar rediyo ta ja baya, sai ya koma juye tsofaffin kaset zuwa waya. Yana da wani ɗan akwati mai mayar da sauti lambobi, sau dubbai a daƙiƙa guda, kwamfuta ta adana.

Jinkiri ake masa tsiya da shi. Ba ya taɓa kaset sai akwatin ya ɗumama, ya ba shi shiru ya ga ya nuna sifiri, sannan ya ba shi wani sauti da ya san awonsa. In ya karkace ko kaɗan, sai ya daidaita shi.

Wata Laraba Inna Uwaliya ta zo daga Dugabau da kaset ƙulle a bakin mayafi. Mijinta Malam Haladu, mai tallan kananzir a keke, shi ya aiko mata da saƙo a ciki daga ci-rani a Ibadan, shekara talatin ke nan, kuma can ya rasu.

"Ɗan nan, jikokina dariya suke, wai kakansu muryar 'yan mata gare shi. Mutumin da in ya yi gyaran murya awaki ke watsewa. So nake su ji shi yadda yake, tun ina da kunnen shaidawa."

Ɗalhatu ya duba zaren kaset ɗin, ya ga ya sha jiki, da ƙyar zai jure juyi ɗaya. Ya daidaita akwatinsa har sau biyu.

"Ko sai na kwana a garinku?" in ji ta.

"Inna, ai gidanmu da ɗakin baƙi."

Ya yi bisimilla ya kunna. Zaren ya kai ƙarshe lafiya, kwamfuta ta adana sautin, muryar kuwa siririya, tana gudu. Nan ya gane cewa da batir mai rauni aka ɗauka, zaren na juyawa a hankali, shi ya sa kowace rediyo ke karanto ta da sauri. Sai a rage gudun, amma da nawa? Ya rage kaɗan, ta ce kamar shi. Ya ƙara ragewa, ta sake cewa kamar shi, idonta ya kawo ruwa. Shekara talatin ba wasa ba ce. Da wani ne da ya sallame ta a nan, amma Ɗalhatu ba ya aiki da kamar.

Ya sake saurare. Can ƙarshe marigayin ya ce ga gaisuwar kekensa, ya kaɗa ƙararrawa sau uku.

"Inna, keken nan fa?"

"An sayar. Ƙararrawar dai tana cikin kwallata, da kayansa aka kawo ta."

Washegari ta zo da ita. Ƙarfe ba ya sauya murya. Ɗalhatu ya kaɗa ta, akwatin ya auna amonta, ya riƙa rage gudun har ƙararrawar cikin kaset ta hau kan ta hannunsa daidai. Sannan ya mayar farko.

Murya ta fito mai kauri, a natse: "Uwaliya, ina gaisuwa."

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya. "Malam ne," ta ce. "Zuba mini a wayar, in je in ga mai sauran dariya."

To kai fa, da kaset ɗin a hannunka ya faɗo, da ka tsaya neman ƙararrawa, ko da tun a "kamar shi" ka sallame ta?