Rabon Auta

Baba Injiniya muke ce masa. Duk shekarun aikinsa a ɗaki ɗaya ya yi su, ɗakin na'urori mai sanyi, rigar sanyinsa rataye a bayan kujera ko da ana zafi. Aikinsa shi ne raba ƙarfin sabis tsakanin dogayen ƙarafan sadarwa na gari. Inda jama'a suka taru ya ƙara, inda suka watse ya rage. Teburina na kusa da nasa.

Akwai wani ƙarfe can ƙarshen gari, inda autarsa take aure. Kullum da yamma takan kira shi ta bidiyo, sabis ɗin wurin kuwa sai a hankali. Kafin lokacin ya yi, sai ya ɗan ƙara wa ƙarfen.

Mukan tsokane shi, "Baba, rabon auta ya fita?"

Ya ce, "Ku haifi taku ku gani."

Da kamfani ya kawo manhaja mai koyo da kanta, aka ɗura mata duk abin da hannunsa ya yi a tsawon shekaru. Ta koya tsaf, har da rabon auta. A shekarar ya yi ritaya. A shekarar kuma autar ta kwanta jinya, ba ta tashi ba.

Daga nan ya riƙa leƙo mu da yamma, wai ya zo gaisuwa. Sai ya tsaya bayan matashiyar injiniyar da ta gaji kujerarsa, ya zuba wa allon kwamfuta ido har layin da ke nuna rabon ƙarfen nan ya ɗan ɗaga, sannan ya ce mu gai da gida.

Amma manhajar ba ta daina koyo ba. Ta lura tana ware ƙarfi babu mai ɗauka, ta fara ragewa.

Injiniyar ta ce, "Baba, zan iya kulle shi yadda yake. Ba wanda zai sani."

Ya ce, "Wa za ki rage wa?"

"Wajen tasha. Kaɗan ne."

"Can ma akwai mai jiran kiran 'yarsa. Bar manhajar ta yi aikinta, 'yata."

Ranar da layin ya daina ɗagawa gaba ɗaya, ya daɗe a tsaye. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki rigar sanyinsa, wadda tun ritayarsa ba wanda ya cire ta daga bayan kujerar.

Yanzu a gida nake zuwa gaishe shi.