Anti Ku-Fita, Wadda Ba a Iya Gode Wa a Fili

Kafin masu jinya su gama wanke kofunan shayi, ta riga ta shigo. Takan rataye jakarta a bayan ƙofa, ta wanke hannu har gwiwa, ta bi gadajen nan ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga mayafi tana duba zanin gado, domin ita ba ta yarda da “da sauƙi” ba sai ta gani da idonta. Sannan ta ja kujerar ƙarfenta mai gurguwar ƙafa, ta zauna tana fuskantar ƙofa. Haka ta yi shekara da shekaru a sashen gaggawa na mata, har furfura ta cika mata kai a ƙarƙashin hular nas. A wannan watan ta yi ritaya.

Sunanta na yanka yana nan a katin da ke ƙirjinta, amma ba wanda ya damu ya karanta. Anti Ku-Fita ake ce mata, kuma ba don ƙauna aka raɗa mata shi ba. Da zarar an shigo da mace tana dafe da mara, kafin a gama sannu da sannu, sai ka ji muryarta: “Ku fita.” Miji ya fita, uwa ta fita, suruka ta fita da kwandon abincinta. An zage ta a gaban idonta, an ce ba ta da tarbiyya, an ce don ba ta taɓa haihuwa ba ne, alhali har jikoki gare ta.

Ba haka ta fara ba. Shekarun baya an kawo wata ɗaliba da zazzaɓi mai zafi. Uwarta na tsaye a kanta tana yi mata fifita, kuma duk tambayar da aka yi wa yarinyar, uwar ce ke amsawa. Yaushe rabonta da al'ada? “Lafiyarta ƙalau, 'yata ce, na san ta.” Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi bango, ta ce haka ne. Aka duƙufa kan maganin zazzaɓin sauro, alhali ciwon yana can cikin mahaifa yana cin ta. Sai da ta cika, ana cire mata kaya, aka ga fankon katin ƙwayoyin zubar da ciki a cikin rigar mamanta. Anti ce ta zare shi, ta dunƙule a hannu don kada uwar ta gani. Daga ranar ba ta sake yi wa mace tambaya a gaban kowa ba.

Yanzu ma abin ya fi na da muni. Da can sai mace ta je ta tsaya gaban wani ta buɗe baki. Yanzu ta intanet ake sayen ƙwayar zubar da ciki, mai babur ya kawo ta a ambulan, ba suna ba adireshi. Wata ta gaske ce, wata ta lalace, wata alli ne kawai aka dunƙule. Anti ba ta tsine wa maganin. Takan ce wa ƙananan nas-nas: “Irinsa muna da shi a nan, muna ba matan da suka yi ɓari. In na gaske ne, an san watannin cikin, an san inda yake kwance, akwai mai duba ki, da wuya ya yi illa. Wanda ke bayan waya kuwa bai taɓa ganin fuskarki ba, balle cikinki.”

Akwai wata tela da ta ba ni labarinta da bakinta, ta ce in rubuta amma in bar sunanta a gida. Haihuwarta ta ƙarshe sai da aka yi mata aiki, likita ya ce ta huta sosai kafin wata. Jaririn ko rarrafe bai fara ba sai ga wani cikin. Tsoro ya kama ta, ba ta gaya wa kowa ba, ta ɗauki waya.

Da hantsi aka shigo da ita, mijinta na riƙe da kafaɗarta ɗaya, uwar mijin na biye da fulas ɗin ruwan zafi. Suka ce gyambon cikinta ne ya tashi, dama takan yi. Mai ba da kati ya nuna musu benci, su jira layi. Anti ta hango ta daga kujerarta: leɓɓa sun yi fari fat, gumi na tsattsafowa a goshi, ga hannu ɗaya a mara, ɗaya yana murza kafaɗa. Ta tashi ta ja ta ɗaki, ta ce da sauran su fita.

“Ni ce uwar mijinta,” in ji tsohuwar, ta kafa ƙafa a bakin ƙofa. “Ni na karɓi haihuwarta ta fari. Me za ta faɗa da ban sani ba?”

“Inna, ki yi haƙuri, ki fita.”

Ba ta fita ba. Anti ta kama hannunta ta fitar da ita, ta tura ƙofa. Fulas ɗin ya suɓuce ya fashe a ƙasa, mutanen da ke benci suka ɗauki salati. Mijin ya shiga dukan ƙofa yana cewa an wulaƙanta masa uwa.

A ciki, Anti ta ɗaura mata abin awon jini, ta ga yadda ya faɗi, ta sunkuya daidai kunnenta. “Ƙanwata, kina da ciki?”

“A'a, Anti. Al'adata ce ta zo.”

“Saurara. Ni ba alƙali ba ce, ba kuma zan tambaye ki dalili ba. Me kika sha, yaushe, me ya fita? Shi ke nan abin da nake so.”

Tela ta dubi ƙofar da ke girgiza. “In na faɗa, za ki gaya masa?”

“Daga bakina ba zai ji ba. Amma in kika yi shiru, gawarki zan miƙa masa, kuma ba na so.”

Sai ta laluba cikin zaninta ta miƙo waya. Hirar tana nan. Ta rubuta wa mai sayarwa cewa jini kaɗan ne ya zo, ba abin da ya fita, ga ciwo a gefe ɗaya kamar ana soka mata almakashi. Ya amsa mata cewa alamar magani yana aiki ke nan, ta daure. Washegari ta rubuta cewa jiri na ɗibar ta, har kafaɗarta na ciwo. Wannan karon bai amsa ba, ya toshe lambarta.

Anti ba ta gama karantawa ba ta ƙwala wa likita kira. Aka ɗora na'urar hoton ciki: mahaifa fanko, ciki cike da jini. Ashe cikin tun farko a wajen mahaifa ya zauna, a bututun da ƙwai ke bi, inda ƙwayar ba ta iya taɓa shi. Ya girma ya fasa bututun, ita kuwa tana ta daurewa tana zaton magani ne. Da an duba ta tun kafin ta sha, da an gani.

Ana tura gadon zuwa ɗakin tiyata, mijin ya tare hanya yana kumfar baki. Anti ta dube shi ta ce, “Malam, jininka nake so yanzu, ba bakinka ba. Bi waccan ƙofar.” Ya bi kuwa, ya ba da jini, Allah ya saka masa. Da ya dawo da auduga a hannu, ya tsaya gabanta.

“Me ta gaya miki a ɗakin nan?”

“Ta gaya min inda ke mata ciwo.”

“Ta san tana da ciki?”

“Matarka ce, in ta farfaɗo ka tambaye ta. Abin da zan gaya maka shi ne cikin a wajen mahaifa ya zauna. Ba ita ta kai shi can ba, ba kai ba.”

Ba ƙarya ko ɗaya a maganarta, kuma ba ta ƙara komai a kai ba. Tela ta rayu da ƙyar. An cire mata bututu ɗaya, nononta ya ƙafe, ta yi watanni ba ta iya taka keken ɗinki.

Mijin bai bar maganar uwarsa ba. Ya kai ƙara wurin hukumar asibiti, aka kira Anti gaban kwamiti, aka tambaye ta me ya kai ta taɓa dattijuwa. Da a ce ta ce, “Ba don na fitar da su ba, da matar nan ta mutu a benci,” da magana ta ƙare. Amma sai a tambaye ta me ta ji a ɗakin da ba za a iya faɗa gaban suruka ba, ga mijin zaune yana sauraro. Ta ce, “Haka nake aikina. Na ba Inna haƙuri, zan sake ba ta.” Aka ja mata kunne, aka tsallake ta a ƙarin girma. Har ta bar aiki ba a mayar mata ba, kuma wannan abin har yau yana ƙona min rai.

Ranar walimar ritayarta, kujeru sun fi mutane yawa. Abokan aiki ne kawai, sai 'ya'yanta. Ungozomar da aka yi wa walima kafinta, iyaye mata sun cika zauren da jarirai a goye. Matan Anti kuwa ba su da halin zuwa, domin duk wadda ta zo, sai an tambaye ta, ke kuma me ta yi miki?

Kwanan baya Anti ta yi kiciɓis da telar nan a bakin titi. Tela na tafe da mijinta, yaron da aka bari yana shan nono yanzu yana gudu a gabansu da jakar makaranta. Mijin ya kau da kai. Tela ta dubi Anti, Anti ta dube ta, kowacce ta wuce abinta. 'Yar Anti da ke tare da ita ta ce, “Mama, ko gaisuwa babu?” Anti ta ce, “Ta wuce ni da ƙafafunta. Me kuma nake nema?”

Anti, ke ce mai rufa asiri da naki mutuncin. Ke ce kika yarda a kira ki marar kunya don wata ta samu bakin magana. Kin wanke gawarwakin waɗanda suka makara, kin dunƙule sirrinsu a hannu, kin koma gida kin dafa wa 'ya'yanki abinci ba ki gaya wa kowa ba. Mun gode. Allah ya hutar da ƙafafun nan, ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Ku kuma da kuka gaji kujerarta, ku ba mace ɗaki ita kaɗai, ku tambaye ta ba da tsawa ba. 'Yar'uwa, duk abin da kika sha, duk inda kika samo shi, in jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya kwana, ko ciwo ya tsaya gefe ɗaya, ko jiri ya ɗebe ki, kada ki tsaya jiran amsa a waya. Ki je asibiti ki faɗi gaskiya. Iyaye da mazaje, ku zama mutanen da za a iya gaya wa magana. Anti ta tafi gida, kuma gobe da safe za a sake shigo da wata tana dafe da mara, uwarta na amsa mata tambaya.