Shekarun da ɗana ya yi a Funtuwa

Ina yaro yake kai kwanakin da ya rayu, har a tambaye shi ya rasa ko guda? Na tsufa, na binne miji, ban sami mai gaya mini ba.

Ɗan farina ne. Da aka yaye shi, wan maigidana ya zo Mahuta ya ɗauke shi riƙo zuwa Funtuwa. Ina cikin ɗaki suka tafi, don uwa ba ta fitowa rakiyar ɗan fari. Ko sunansa ba na kamawa. Sai shekarar da maigidana ya rasu aka dawo mini da shi ya riƙe gonar auduga, muryarsa ta fara buɗewa.

Ya zo da dogon tabo a bayan kunne, hannunsa na hagu kuma ba ya miƙewa sosai. Kunya ta hana ni tambaya. Sai in tura ƙanwarsa, ni in zauna bayan zana ina tsince wake, ina saurare.

"Yaya, me ya same ka a kunne?"

"Ana jin ciwo a can."

"Wa ya ji maka?"

"Ke dai bakinki ba ya gajiya. Mutane."

"To ranar Sallah fa, wace riga ka sa?"

"Ana sa riga. Ana cin tuwo."

"Kai Yaya, sai ka ce wani ka aika ya yi maka zaman!"

Ita wannan yarinya, tambaye ta ranar da aka kai ta kasuwar Bakori, har launin kallabin mai ƙosai za ta faɗa. Shi kuwa abin da muka samu ke nan: ana tashi, ana ɗaukar buhuna zuwa inda ake gurzar auduga, ana dawowa. Kuma ba dolo ba ne. Ya san iyakar kowace gona a garinmu.

Matan unguwa suka ce an ba shi tarbiyya, ba ya kai ƙara. Har yabon mai riƙon suke yi a gabana, ina cewa madalla. Ni a ganina, akwai ranakun da idan ya taɓa su suna ƙona shi, sai ya daina ɗaga su ɗaya-ɗaya, ya haɗa duka ya ɗaure. Masu daɗin ma, in akwai, suka tafi cikin ɗaurin.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari, ya kama shi, kamun da bai tashi ba. Ranar nan na yar da kunya. Na ɗora kansa a cinyata, na kira sunansa, karo na farko a rayuwata.

Na ce, "Ba ni rana ɗaya daga zamanka na can. Mai daɗi ko mai ɗaci, ni dai in riƙe."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, leɓensa na motsi.

Ya ce, "Ina ta nema, Inna. Bari in ɗan huta, zan samo miki."