Baba Modu da Halittun Cikin Laka

A unguwar Kwaciri ta Kano in ka ce kana neman Baba Modu, za a tambaye ka, "Mai rijiya?" To, shi ne. Kakansa ne ya zo daga Borno, amma shi a nan aka haife shi, kuma Barbarcin da ya rage a bakinsa bai wuce na gaisuwa da na faɗa ba. Shekara arba'in da ɗoriya yana haƙa rijiya da yashe ta. Yakan ɗebi ƙasa a tafin hannu, ya murza, ya sunsuna, ya ce saura gaba biyu a tarar da ruwa, kuma da wuya ya kuskure. Da injin burtsatse ya shigo gari bai yi fushi ba. Masu injin ne ma suka riƙa zuwa ɗaukarsa ya nuna musu inda za su kafa.

Cikin 'ya'yansa, Yagana ce ta gaji son laka. Ta karanta ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani, ta yi digiri na biyu, sai aka ɗauke ta cikin masu bincike a wani jirgin ruwa da ke huda ƙasan teku. Wata biyu za su yi ba su ga tudu ba.

Ranar da ta tafi, Baba Modu ya zarce Sabon Gari, shagon Onyekachi mai sayar da bututu da kan famfo, abokinsa na shekara ashirin.

"Yagana ta tafi haƙa rijiya a tsakiyar teku," in ji shi.

Onyekachi haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya ce, "Baba, ruwa suke nema a cikin ruwa?"

"Abin da na tambaye ta ke nan. Ta ce laka suke nema."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta kira shi ta bidiyo. Ta nuna masa wani dogon bututu da aka tsaga gida biyu, cike da laka ruwan toka.

"Baba, daga saman ruwa zuwa ƙasan teku ya fi kilomita huɗu. Daga nan muka ƙara huda mita ɗari biyu. Kuma akwai masu rai a cikin wannan lakar."

"Me suke ci?"

"Ɗan abin da ya gangaro daga sama tun shekaru aru-aru. Kaɗan-kaɗan suke ci. Ana kyautata zaton wasu sai su yi ɗaruruwan shekaru ba su rabu biyu ba."

Baba Modu ya gyara hularsa. "Yagana, na shiga ƙasa fiye da yadda kika shiga aji. In an wuce gaba uku, ko tana ba a gani."

Ba ta yi masa musu ba. Ta ce, "To Baba, sai na dawo."

Da ta dawo, ta tarar yana duba aikin wata burtsatse a Fagge, bayan Kantin Kwari. Ta ba shi safar hannu da 'yar kwalba mai murfi, ta ce ya ɗebo mata ƙasa daga wuri mafi zurfi, amma kada ya murza, kada ya sunsuna. Ya ce duk cikin sharuɗɗan, hanin sunsunawar ne ya fi ba shi haushi.

Bayan kwana biyu ta kai shi ɗakin bincike. Ta riga ta zuba wa ƙasar wani irin rini, ta ɗora ta a na'urar da ke ƙara girman abu. Da farko idon da ya kamata ya buɗe shi ya rufe. Da ya gyara, sai ya ga ɗigo-ɗigo kore shar suna ƙyalli, ba sa ƙirguwa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ikon Allah. Waɗannan duk a ƙasar Fagge?"

"A cikin abin da bai kai rabin cokali ba."

"To na tekun fa?"

Ta nuna masa hotunansu a kwamfuta, tsilli-tsilli, ɗaya nan ɗaya can. Ya duba wannan, ya koma ya leƙa wancan.

"Namu sun fi yawa," ya ce, har da murmushi.

Tun daga nan duk inda aka huda ƙasa a Fagge, sai ka gan shi da 'yan kwalabe a aljihu. Yana rubuta zurfin wuri da sunan unguwa a jikin kowace da ajami, har dole Yagana ta zauna ta koyi karanta rubutun mahaifinta. Da ta wallafa sakamakon bincikenta, ta sa sunansa cikin waɗanda ta gode wa. Takardar da Turanci take, saboda haka ya naɗe ta ya kai shagon Onyekachi. Ya sa Onyekachi ya karanta masa layin da ke ɗauke da sunansa da na unguwarsu sau biyu, ya gyara masa yadda ake faɗin Kwaciri ko da yake bai yi kuskure ba, sannan ya ce a fito masa da bututu shida, ana jiran sa a wurin aiki.